Daga Kurtun Tawada zuwa Tafkin Korle: Yadda Ruwa ke Yanke wa Baƙin Hayaƙi Masauki

Gabatarwa

Duk almajirin da ya taɓa haɗa tawada ya san cewa baƙin tukunya shi kaɗai ba ya rubutu. Idan aka kankaro shi aka zuba a ruwa, wani sashe zai yi iyo a sama, wani ya cure ya kwanta a gindin kurtu, alƙalami kuwa ya fito da ruwa-ruwa. Sai an jiƙa ƙaro an gauraya sannan baƙin ya game ruwan baki ɗaya, ya zauna a haka kwana da kwanaki. Dalilin da ya sa ƙaro ke yin wannan aiki shi ne abin da masana kimiyyar sinadarai da na muhalli suke nazari a kansa a yau, idan suna tambayar yaushe ne ƙananan ƙwayoyin kabon ke zama a warwatse cikin ruwa, yaushe ne kuma suke dunƙulewa su kwanta.

Ra'ayina a wannan rubutu guda ɗaya ne. Baƙin hayaƙin da ya shiga ruwa ba ya ɓacewa. Yanayin ruwan, wato gishirinsa da tsaminsa da abubuwan da suka narke a cikinsa, shi ne ke yanke masa inda zai sauka: ko a gindin randa, ko a cikin mai sha, ko a lakar tafki. Mazauna Zango a birnin Accra, musamman Nima da Mamobi, suna zaune ne tsakanin hayaƙi da kwata, saboda haka suna cikin waɗanda suka fi cancantar su san wannan ilimi, kuma da harshen da suke ciniki da wa'azi da shi.

Mece ce ƙwayar kabon ta nano?

Nanomita ma'auni ne na tsawo. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kowane gida nanomita ɗaya ne. Kaurin gashin kan mutum yana tsakanin nanomita 50,000 zuwa 100,000. Baƙin hayaƙi kuwa, ko na itace ne ko na taya ko na injin dizal, yana farawa ne da 'yan ƙwayoyi masu faɗin nanomita 10 zuwa 50, waɗanda ke manne wa juna kamar tsakiyar carbi. Ke nan za a jera fiye da dubu daga cikinsu kafin a ƙetare kaurin gashi guda. Kunkunniyar da ke rataye a rufin madafa tarin irin waɗannan ƙwayoyi ne.

Akwai kuma 'yan'uwansu da ake ƙerawa a ɗakunan gwaji da masana'antu. A shekarar 1985 Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley suka gano wata ƙwaya mai siffar ƙwallo da ƙwayoyin zarra 60 na kabon suka haɗa, wadda ake kira fularin, kuma aka ba su lambar Nobel a 1996. A 1991 Sumio Iijima na Japan ya bayyana siraran bututun kabon. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov a Jami'ar Manchester ta Ingila suka ɓanɓaro shimfiɗar kabon mai kaurin zarra ɗaya, wato girafin. Ana sa irin waɗannan a batura da fenti da kayan lantarki, kuma fargabar shigarsu koguna ce ta sa aka zurfafa bincike a kan halinsu cikin ruwa.

Ƙanƙanta tana da sakamako biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Na farko, ƙwaya mai wannan ƙanƙanta ba ta kwantawa don kanta. Lissafin George Stokes ya nuna cewa saurin nutsewar ƙwaya yana bin faɗinta ne idan aka ninka shi da kansa. Ƙwayar kabon mai faɗin nanomita 100 za ta shafe fiye da shekara biyar kafin ta nutse mita ɗaya a ruwan da ba ya motsi, kuma a duk tsawon wannan lokaci kai-komon da ƙwayoyin ruwa ke yi, wanda Robert Brown ya lura da tasirinsa a 1827, yana ta jujjuya ta nan da can. Amma da za a cure ƙwayoyin su zama dunƙule mai faɗi ninki ɗari, tafiyar za ta ragu zuwa 'yan sa'o'i. Na biyu, ƙaramin abu fatarsa ta fi cikinsa yawa. Giram ɗaya na baƙin hayaƙi yana da fatar da za ta rufe daɓen ɗaki da yawa, kuma a jikin wannan fata ne dattin mai da gubar hayaƙi da ƙarafa irin su dalma ke maƙalewa.

Jan juna da tunkuɗar juna

Tunda dunƙulewa ce ke kawo kwantawa, tambayar ita ce me ke sa ƙwayoyi su dunƙule, me ke hana su. Boris Derjaguin da Lev Landau a Rasha a 1941, da Evert Verwey da Theodoor Overbeek a Holan a 1948, sun ba da amsar da har yau ake koyarwa. Ƙarfi biyu ne ke kokawa tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta.

Ƙarfi na farko na jan juna ne. Duk abubuwa biyu masu jinsi ɗaya, idan suka kusanci juna ƙwarai, sukan manne. Wannan ƙarfi gajeren hannu gare shi, ba ya kamu sai an zo dab da dab, kuma yanayin ruwa bai cika sauya shi ba.

Ƙarfi na biyu na tunkuɗa ne, kuma daga cajin lantarki yake fitowa. Caji iri biyu ne, bari mu aro kalmomin nahawu mu kira su tabbatau da korau. Masu iri ɗaya suna gudun juna, masu iri daban suna neman juna. Sabon baƙin hayaƙi yana ƙyamar ruwa, shi ya sa yake iyo. Amma idan ya sha rana da iska, iskar oksijin takan kama jikinsa, sai ya fara jiƙa, fatarsa kuma ta ɗauki caji korau. Ƙwayoyi biyu masu caji korau ba sa yarda su kusanci juna har jan juna ya kama su. Kowace tana da wani shinge na caji kewaye da ita, kamar dangar da ta raba gida da gida.

Kaurin wannan danga kuwa a hannun ruwa yake. Abubuwa huɗu ne ke ƙara ta ko su rushe ta.

Na ɗaya, yawan gishiri. Gishiri idan ya narke yakan rabu zuwa ƙwayoyi masu caji da ake kira ayon. Masu caji tabbatau sukan taru kewaye da ƙwayar kabon su lulluɓe cajinta. A ruwa mai ƙarancin gishiri ƙwarai, dangar takan kai nanomita 10. A ruwan teku, wanda kowace lita ke ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, ba ta kai nanomita ɗaya ba. Da zarar danga ta yi wannan sirancewa, ƙwayoyi sai su yi karo su manne.

Na biyu, irin gishirin. Ayon na sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya, caji ɗaya yake ɗauka. Na kalsiyam da magniziyam, waɗanda ke sa ruwa ya ƙi kumfar sabulu, biyu-biyu suke ɗauka. Na alminiyam da ke cikin alif yana ɗaukar uku. Hans Schulze a 1882 da William Hardy a 1900 sun lura cewa ƙarfin dunƙulawa yana hauhawa ne da gudu idan cajin ayon ya ƙaru. A lissafin ƙa'ida, mai caji biyu yana iya yin aikin mai caji ɗaya da kashi ɗaya cikin 64 na yawansa, mai uku kuwa da kashi ɗaya cikin 729. A gwajin da Kai Loon Chen da Menachem Elimelech suka yi a Jami'ar Yale ta Amurka a 2006, ƙwayoyin fularin sun kai matuƙar saurin dunƙulewa a ruwa mai kimanin giram 7 na gishirin miya a lita, alhali kimanin rabin giram na gishirin kalsiyam ya wadatar.

Na uku, tsami. Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin pH: 7 shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami ne kamar na lemo, sama da haka kaifi ne irin na kanwa da toka. Tsami yana kashe caji korau da ke jikin ƙwayar kabon, sai ta yi saurin curewa. Kanwa kuwa tana ƙarfafa cajin. Mai yin awara ta san makamancin wannan, domin madarar waken suya tana nan a haɗe har sai ta zuba ruwan tsami, nan take ta tsinke, fari ya cure, ruwa ya ware.

Na huɗu, abin da ya narke daga tsirrai da sabulu. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ruwan wanke-wanke suna sakin wasu dogayen sinadarai masu kama jikin kabon su yi masa riga. Ƙwaya mai riga ba ta iya manne wa 'yar'uwarta, ko da gishiri ya sirantar da dangarta. Aikin ƙaro a tawada ke nan. A 2007 wasu masu bincike a jihar Jojiya ta Amurka sun zuba bututun kabon a ruwan kogin Suwannee mai launin shayi, suka ga sun zauna a warwatse fiye da wata guda. Sai dai rigar tana da iyaka: idan kalsiyam ya yi yawa, yakan ƙulla rigar wannan ƙwaya da ta waccan, abin da ke raba su ya koma igiyar ɗaure su.

Tafiyar baƙi daga Nima zuwa Korle

Yanzu sai mu ɗauki waɗannan ƙa'idoji mu bi hanyar ruwa da su. Ana danganta kafuwar Nima da Malam Amadu Futa a farkon shekarun 1930, lokacin da wurin ke bayan gari ana kiwon shanu. A yau Nima da Mamobi suna cikin unguwannin da suka fi cunkoso a Accra. Da asuba kurfoti ke ci ana dama koko ana soya ƙosai, da rana tukwanen shinkafa da wake, da dare tukubar tsire. Motocin haya masu tsohon injin dizal suna bin titin Nima safe da yamma, ana kunna janareta idan wuta ta ɗauke, ana ƙona shara a inda motar kwasa ba ta shiga. A wasu mayankan birnin ana babbaka da tsofaffin tayoyi. Kowace wuta daga cikin waɗannan tana zubar da baƙi a kan rufin kwano da ƙasa, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana ƙara nata.

Idan ruwan sama ya sauka, musamman a Mayu da Yuni, sai ya wanke wannan baƙi zuwa babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi. Ruwan sama gishirinsa kaɗan ne ƙwarai. A kwata kuma yana haɗuwa da ruwan sabulu da omo da na madafa da na makewayi. Mai karatu ya duba jerin da ya gabata: ƙarancin gishiri, kaifin sabulu, da yalwar abin yin riga. Kwata tana yi wa baƙin hayaƙi abin da ƙaro ke yi masa a kurtu. Manyan ɓarɓashi za su kwanta kusa, amma mafi ƙanƙanta, waɗanda suka fi ɗaukar datti a jikinsu, su ne za su yi doguwar tafiya.

Kwatar tana gangarawa ta shiga kogin Odaw. Odaw kuma yana bi ta Agbogbloshie, inda 'yan gwangwan suka shafe shekaru suna ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe, har gwamnati ta rushe filin a watan Yuli na 2021. Daga nan ruwan ya shiga tafkin Korle, wanda bakinsa ke buɗe ga teku. A inda ruwan gari ya gamu da ruwan gishiri, hukunci yakan sauya. Bisa alƙaluman da muka gani, kashi ɗaya na ruwan teku cikin biyar ya kai giram 7 a lita, ga kuma kalsiyam da magniziyam da teku ke ɗauke da su. Ƙwayoyi sai su cure da juna da kuma laka, su kwanta. Haka lamarin yake a bakin kowane kogi da ke shiga teku a duniya, kuma shi ne ɗaya daga cikin dalilan da ke sa laka taruwa a irin waɗannan wurare.

Abin lura a nan shi ne, baƙin da ya bar ƙofar gidanmu sauya masauki ya yi kawai. Ya tafi ya zauna a lakar da kifi da kaguwa ke kiwo a kusa da ita, a gefen unguwannin masunta. Kuma kwanciyarsa tana iya zama ta ɗan lokaci, domin ambaliya tana tayar da laka, ruwan daɗi mai yawa kuma yana iya sake warwatsa wani sashe na abin da gishiri ya cure.

Bayan ambaliya da gobarar gidan mai da suka auku a shataletalen Kwame Nkrumah ranar 3 ga Yuni 2015, inda fiye da mutum 150 suka rasu, hankali ya koma kan yashe Odaw da faɗaɗa magudanai. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin GARID na kwarin Odaw, kuma Nima tana cikin unguwannin da aikin ya shafa. Wannan abin yabo ne, domin rai ya fi komai. Amma yashe kwata rabin aiki ne. Lakar da aka kwaso ita ce ma'ajiyar duk abin da ruwa ya kwantar. Idan aka jibge ta a bakin hanya, kamar yadda aka saba gani bayan aikin gayya, rana za ta busar da ita iska ta mayar da ita hancin yara, ko kuwa ruwan sama na gaba, wanda ba shi da gishiri, ya mayar da ita inda ta fito.

Ruwan randa da ma'aunin ido

Ruwan famfon Accra yana fitowa ne galibi daga matatar Weija a kogin Densu da ta Kpong a kogin Volta. Tushen aikin irin waɗannan matatu shi ne abin da muka bayyana: a zuba alif ko makamancinsa, ƙananan ƙwayoyi su cure su kwanta, a tace da yashi, sannan a sa kulorin. Amma famfo ba kullum yake kawowa ba, shi ya sa gidaje ke dogaro da tanki da jarkoki da ruwan leda da rijiya da ruwan indararo. Kowannensu halinsa daban. Rijiyoyi da burtsatse da dama a filin Accra suna da zartsi, kuma irin wannan ruwa yana kwantar da ƙura da wuri, ya yi garau a ido. Ruwan rufi kuwa daɗi gare shi a baki, amma shi ne ya fi iya riƙe baƙin hayaƙi a warwatse, musamman a saukar farko bayan hunturu.

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zango sun koyar da mu duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Wannan ma'auni ne na tsarkin ibada, kuma yana nan a matsayinsa. Lafiyar ruwan sha wata tambaya ce daban, domin ƙwayar nanomita 100 ido ba ya ganinta, harshe ba ya jinta, haka ma ƙwayar cutar kwalara. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Sai mu ƙara da cewa ba ya yin garau banza, kuma sanin dalilin da ya sa ya yi garau shi ne ilimin.

Iyayenmu mata sun daɗe suna juya alif a ruwa, wasu kuma suna daka ƙwayar zogale su zuba. Duka biyun suna da tushe a kimiyya. Alif yana kashe caji korau, yana kuma zama wani farin kauri mai sauka ƙasa yana share ƙwayoyi a hanyarsa. Ƙwayar zogale tana ɗauke da sinadarin gina jiki mai caji tabbatau wanda ke ɗinke ƙwayoyi wuri guda. Sai dai akwai sharuɗɗa uku. Alif ya fi aiki a ruwan da ke kusa da tsaka-tsaki, kuma shi kansa yana ƙara wa ruwa tsami. Idan aka cika shi, yakan juya cajin ƙwayoyin daga korau zuwa tabbatau, su koma gudun juna, ruwa ya ƙi kwantawa. Sannan guggubin da ya sauka ya tara duk abin da aka kwantar, don haka a tsiyaye na sama a hankali, a zubar da na ƙasa a wanke randa. Na ƙarshe, alif da zogale ba sa kashe ƙwayoyin cuta, tafasa kuma ba ta fitar da baƙin hayaƙi ko dalma. Kowane mataki da aikinsa: a kwantar, a tace, sannan a tafasa ko a sa kulorin. Jerin ma yana da dalili, domin ƙwayoyin cuta kan laɓe a jikin ƙura su tsere wa kulorin.

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce: mutanen da ke fama da ƙarancin makewayi da tsadar ruwa, ina ruwansu da nanomita? A 2014 kwalara ta kama fiye da mutum 28,000 a Ghana, ta kashe fiye da 240, kuma Accra ce ta fi jin jiki. Wannan magana gaskiya ce, kuma na yarda cewa ƙwayoyin cuta su ne babbar barazanar ruwan sha a Zango, kamar yadda babbar illar baƙin hayaƙi take a huhu kafin ciki. Amma ilimin da ke bayyana tafiyar baƙin hayaƙi shi ne dai ke bayyana tafiyar laka da ta ƙwayoyin cuta, domin su ma ƙananan ƙwayoyi ne masu caji korau. Wanda ya fahimci ɗaya ya samu mabuɗin sauran, kuma ya san dalilin da ya sa dole a kwantar da ruwa kafin a sa masa magani.

Wani kuma zai ce: gawayi ai magani ne, da shi ake tace ruwa, me zai sa a ji tsoronsa? Amsar tana cikin fatar nan mai faɗi. Gawayin da aka sarrafa don tacewa, wanda giram ɗaya nasa ke da fata mai faɗin murabba'in mita ɗaruruwa, yana kama datti ya riƙe a cikin matata, sai a cire shi a jefar. Baƙin hayaƙin da ke yawo a ruwa shi ma yana kama datti, amma tafiya yake yi da shi. Ya kuma taho da nasa tun daga wuta. Tun 1775 likita Percivall Pott na Landan ya danganta kunkunniya da ciwon daji a jikin masu share bututun hayaƙi, kuma a 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a sahun farko na abubuwan da ke haddasa shi. Ɗaya daga cikin sinadaran da ke bin baƙin hayaƙi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance shi a ruwan sha zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na giram a lita.

Na uku zai ce: baƙin kurfoti daban, fularin na ɗakin gwaji daban, don haka alƙaluman Yale ba su shafi Mamobi ba. Lallai adadin gishirin da zai cure wannan ya bambanta da na wancan. Amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma wannan bambanci hujja ce ta a auna namu. Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR tana Accra, Jami'ar Ghana tana Legon, dukansu tafiyar mintoci ce daga Nima.

Abin da nake ganin ya dace

Da farko, a fara daga makaranta. Darasin nan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Kwalabe biyar, ruwan sama, da ɗan baƙin tukunya da aka kaɗa sosai sun isa. A bar ta farko haka, a sa gishiri a ta biyu, alif ɗan kaɗan a ta uku, lemon tsami a ta huɗu, ƙaro tare da gishiri a ta biyar, sannan ɗalibai su riƙa dubawa suna rubuta abin da suka gani daga safe zuwa washegari. Malamin Islamiyya ko na boko da ya yi wannan da Hausa ya koyar da ginshiƙin wani babban reshe na kimiyya. Zango tana da gadon alƙalami tun zamanin Alhaji Umaru na Salaga da Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, kuma ana adana rubuce-rubucensa a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon. Al'ummar da ta gaji haɗa tawada ta riga ta riƙe rabin darasin.

Na biyu, masu haɗa tawadar allo, musamman wadda za a wanke a sha, su kula da tushen baƙin. Zugen da aka samu daga itace mai tsabta daban yake da baƙin tukunyar da aka hura wa wuta da leda ko kananzir ko roba. Ƙaron da ke kyautata rubutu shi ne kuma ke tabbatar da cewa duk abin da ke jikin baƙin ya bi ruwan wankin.

Na uku, masu tarar ruwan sama su bar saukar farko ta wanke rufi ta wuce kafin su sa bokiti, su kuma rufe abin da suka tara.

Na huɗu, sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin matasa, idan an zauna da hukumomi a kan aikin kwata, su ƙara tambaya biyu a kan ta faɗi da zurfi: ina za a kai lakar da aka yashe, kuma cikin kwana nawa? Su nemi a riƙa auna ruwan kwatar da lakarta a rani da damina, a sanar da jama'a sakamakon da harshen da suke ji.

Na biyar, kuma shi ne mafi arha, a rage baƙin tun daga wuta. Babbaka da gas maimakon taya, murhu mai ƙarancin hayaƙi, da daina ƙona leda sun fi duk wata dabarar kamo ƙwaya bayan ta shiga ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Ɗalibin da ya biyo mu zuwa nan ya riƙe wannan: ƙanƙanta tana hana kwantawa, caji yana hana dunƙulewa, gishiri da tsami da alif suna rushe caji, ƙaro da sabulu da ruɓaɓɓen ganye suna yi wa ƙwaya riga. Da waɗannan jumloli huɗu zai iya bayyana dalilin da ya sa tawada ke zama, randa ke kwantawa, kwata ke ɗaukar baƙi zuwa nesa, tafkin Korle kuma ke cika da laka. Hausa ta ɗauki wannan bayani ba tare da ta gaza ba, da kalmomin madafa da na zaure. Abin da ya rage shi ne a kai shi aji da masallaci da zauren sarki, domin mai jarka a Mamobi da masunci a bakin Korle ruwa ɗaya ne ya haɗa su, kuma abin da na sama ya ƙona, na ƙasa ne ke karɓa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.